Sunan Moloney: Daga Titin Legas Zuwa Dutsen Keffi



Duk wanda ya yi zaman Legas kafin gwamnati ta tattara nata ya nata ta dawo Abuja a watan Disambar 1991 ya san Titin Moloney. Yana cikin tsibiri, dab da Obalende, kuma a kansa hedkwatar 'yan sanda ta ƙasa take a wancan lokaci, cikin dogon ginin nan da aka sa wa sunan Kam Selem. Mu da muka riƙa bin titin a ƙafa ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ko wane ne mai sunan ba. Bature ne dai, shi ke nan, kuma Legas cike take da irinsu, su Glover da Carter. Maloni muke cewa, mu wuce abinmu.

Kwanakin baya na je ɗaurin aure Keffi. Bayan an shafa fatiha an ci abinci, wani abokina ɗan garin ya ce kafin mu kama hanya bari ya nuna mana dutsen da ake kira da sunan Maloney, inda kabarin Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe yake. Da jin sunan sai na ce a raina, ashe mai titin nan na Legas a nan ajali ya same shi. Har na faɗa wa mutanen da muke tare, da ƙarfin hali irin na wanda ya sani.

A motar haya da muka shigo ta dawowa maganar ta sake tasowa. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce ai Magaji gwarzo ne, da a ce kowane gari ya sami irinsa da Nasara bai ci ƙasar nan ba. Sai wani bawan Allah da ke zaune kusa da ni, mutumin wajen Akwanga, wanda tun tasowarmu bai ce uffan ba, ya ce cikin Hausarsa mai kyau: "Alhaji, gwarzonku dai. Mu kakanninmu saboda irinsa suka koma kan duwatsu." Motar ta yi tsit. Har muka wuce Auta Balefi muka shigo Masaka babu wanda ya sake ɗaga zancen, direba ya ƙara muryar rediyo.

Abubuwa biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, da na dawo gida na bincika sai na tarar na yi kuskure: mai titin Legas daban, na dutsen Keffi daban, suna ne kawai ya haɗa su. Na biyu kuwa maganar mutumin nan ce, kuma zan dawo kanta.

Shi sunan ba na Ingila ba ne, na Ailan ne, tsibirin da ke yamma da Ingila. A harshensu Ó Maoldomhnaigh ake rubutawa, Ingilishi ne ya murɗe shi ya koma Moloney, wasu su rubuta Maloney, wasu Molony. Wannan "Ó" ɗin ma'anarsa jika, kamar yadda "Mac" yake nufin ɗa, wato daidai da "Ɗan" ɗin da ke cikin Ɗan Yamusa. "Maol" mai askakken kai ne, daga nan ya koma nufin wanda ya ba da kansa ga hidimar ibada, sauran kalmar kuma tana nufin coci, da ita kuma suke kiran ranar Lahadi. To ka ji, mai karatu: jikan bawan coci. Da Bahaushe ne da mun ce jikan Bawa, ko ma jikan Ɗanladi. Asalin zuriyar daga yankin Clare ne, a yammacin tsibirin.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, mu a wurinmu Bature Bature ne, ba mu rarrabewa. Alhali mutanen Ailan su ma talakawan Ingila ne a lokacin da ake zancen. An haɗe ƙasarsu da Birtaniya a 1801, an danne harshensu, filayen nomansu suna hannun wasu. Yunwar da ta auka musu daga 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin da suka dogara da shi, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. Aikin soja da aikin mulkin mallaka na cikin ƙofofin da suka rage wa 'ya'yansu a buɗe, shi ya sa sunayen Ailan suka cika rajistar sojan Birtaniya daga Indiya har Lokoja.

Mai titin Legas shi ne Alfred Moloney, an haife shi a 1848, ya rasu a 1913. Ya halarci yaƙin da Turawa suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, ya yi aiki a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Gambiya, sa'an nan da aka raba Legas da Gwalkwas a 1886 shi ne ya zama gwamnanta har 1891. Mutum ne mai son itatuwa da tsirrai. A 1887 ya wallafa littafi a kan dazuzzukan Afirka ta Yamma, ya kafa lambun gwajin shuke-shuke a Ebute Metta, kuma yana cikin waɗanda suka kwaɗaita wa mutane sana'ar tatsar roba. Har ya yi rubutu a kan kiɗe-kiɗen wasu al'ummun yankin, ya sa da na Hausawa. A ina ya san Hausawa, shi da bai mulki Arewa ba? A bariki. Tun 1863 Glover ya tara 'yan Arewa 18, ya kafa ƙungiyar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya ke lissafa tarihinsa daga gare ta. Da yawa cikin waɗanda suka shiga wannan aiki bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Su ne ƙarfin gwamnan Legas, kuma su suka raka wakilan gwamnati lokacin da aka je raba yaƙin Kiriji tsakanin Ibadan da Ekitiparapo a 1886. Ka ga ashe ba banza ba hedkwatar 'yan sanda ta zauna a titin da ke ɗauke da sunansa, kusa da Obalende, unguwar da tsofaffin sojojin Hausawa suka raya.

Ƙarshen aikinsa bai yi kyau ba. Yana gwamnan Trinidad, can a tsibiran Karibiyan, jama'a suka yi bore a kan kuɗin ruwan famfo ranar 23 ga Maris 1903, aka ƙone ginin majalisa, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe mutum 16. Ka riƙe wannan wata na Maris 1903, don za mu sake haɗuwa da shi a Sakkwato.

Yanzu bari mu dawo gida, ga wanda ya shafe mu.

Da yawanmu da muka zo Abuja cin rani, ko aikin gwamnati, ko kasuwanci, muna ɗaukar wurin nan kamar fili ne da aka share a 1976 ba shi da jiya. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Alhali Abuja ta asali, wadda ta ba da sunanta ta koma Suleja, Haɓen Zazzau ne suka kafa ta. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya saboda jihadi ya sauka Zuba, bayan rasuwarsa ƙanensa Abu Ja ya gina garin a 1828, kuma Fulani ba su taɓa cin ta ba. Keffi kuwa, wadda take kimanin tafiyar kilomita 50 daga nan, Abdu Zanga ne ya kafa ta wajen 1800, sunanta ma daga kafi ne, wato shingen itace da ake kewaye gari da shi. Ita tana bin Zariya ta Fulani, tana kai gaisuwa can. Saboda haka Sarkin Zazzau yana da wakilinsa a garin, shi ne Magaji. A zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, mai riƙe da wannan muƙami shi ne Ɗan Yamusa, kuma ƙarfinsa a gari ya fi na Sarkin Keffi kansa, don dawaki da bindigogi a hannunsa suke.

Cikin wannan hali Kyaftin Moloney ya zo a matsayin Razdan na Lardin Nasarawa, shekara biyu bayan Lugga ya kafa tutar Birtaniya a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900. Abuja da Keffi duk a lardinsa suke, kuma duk biyun suna kan hanyar fatake da ke tasowa daga Binuwai zuwa Zariya da Kano. Turawa suna son hanyar nan a buɗe. A watan Agustan 1902, tsakiyar damina, sojoji suka auka wa Abuja. Da zuwansu mulkin Sarki Ibrahim Iyalai ya ƙare bayan shekara 25, aka naɗa Muhammadu Gani. Saura Keffi.

Ranar 3 ga Oktoban 1902 Moloney ya je ƙofar fada tare da mataimakinsa Webster da ɗan aikensu kuma tafinta, wani mai suna Audu Timtim. Shi Moloney ba ya iya tafiya sosai saboda wani tsohon rauni da ya samu a wani yaƙi a kudu. Aka aika a kira Magaji, ya ƙi fitowa. Aka tura Webster ya zo da shi, shi kuwa ya kutsa kai har cikin gida, inda baƙo ba ya shiga. Kai ma ka sani, ko a yau ka faɗa cikin gidan mutum haka ba sallama, abin da zai biyo baya ba daɗi. Yaran Magaji suka far masa, suka yi waje da shi, da ƙyar ya sha. Moloney ya ce ya je ya kira sojoji. Magaji ya ga kama shi za a yi, ya fito da mutanensa ya kashe Moloney, ya kashe Audu, kafin sojoji su iso ya hau doki ya yi arewa.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani a kai shi ne wurin Audu. Lugga da kansa, a rahotonsa na wannan shekara, ya ɗora alhakin abin da ya faru a kan makircin ɗan aiken nan. Labarin da D.J.M. Muffett ya tattara daga bakin tsofaffi, ya sa a littafinsa na 1964, shi ma ya nuna Audu yana cin tudu biyu: ya faɗa wa Bature wata magana, ya faɗa wa Magaji wata. Mutum biyu da ba sa jin harshen juna, kowanne da makamai a bayansa, an bar su a hannun mutum ɗaya da ke da tasa buƙatar. Ni dai ina ganin ko da Audu ya fassara gaskiya tsantsa da wuya a rabu lafiya, domin abin da Razdan yake so shi ne Magaji ya ajiye ikonsa ya daina kai hari, wannan kuwa ba maganar da tafinta zai gyara ba ce. Amma ranar da yadda abin ya faru, waɗannan kam akwai hannun Audu. Kuma ɗora wa mamaci laifi abu ne mai sauƙi ga kowa, Bature da Bahaushe.

Magaji ya isa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, ya ba shi masauki, har yana hawa a damansa. Ga Lugga kuwa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da ma yana neman hanyar Kano da Sakkwato, Ofishin Mulkin Mallaka a Landan yana jan ƙafa saboda kuɗi da tsoron shan kashi, ga yaƙin Afirka ta Kudu bai daɗe da ƙarewa ba. Yanzu ya sami hujja: an kashe jami'in Sarkin Ingila, kuma Kano ta ɓoye wanda ya kashe shi. Manyansa a Landan ma a jarida suka fara ganin labarin shirin yaƙin. Kanar Morland ya tashi daga Zariya ƙarshen Janairun 1903 da sojoji baƙar fata fiye da 700, aka fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu aka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, Sarkin Shanu ne ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi cikin watan nan. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, kwana takwas kafin wancan Moloney ɗin ya ga majalisarsa tana ci da wuta a Trinidad. Magaji Ɗan Yamusa ya bi Attahiru gabas, kuma a Burmi, ranar 27 ga Yulin 1903, suka kwanta tare da ɗaruruwan mutane. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har bakin Kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe, da jikokinsu masu jin Hausa da Fillanci.

Ba na cewa da Moloney bai mutu ba da Kano ta tsira. Faransa tana Damagaram, Jamus tana Adamawa ta gabas, an riga an raba ƙasar a takarda tun kafin a taka ta. Amma zaren da ya ja Morland zuwa Ƙofar Kabuga daga nan maƙwabtanmu ya taso, daga garin da muke zuwa sayen doya da ɗaurin aure. Mu mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da ke kwana a Mararaba da Nyanya muna sammakon shiga gari, kan hanyar da labarin nan ya bi muke zirga-zirga kullum. Sai kuma wani abin mamaki: ranar 3 ga Fabrairu da Kano ta faɗi, ita ce ranar da Janar Murtala, ɗan Kano, ya yi shelar kafa sabon birnin tarayya a 1976.

To, maganar mutumin Akwanga fa?

Gaskiya ya faɗa. Gaisuwar da Keffi da Nasarawa da Jama'a suke kaiwa Zariya har da bayi a ciki, kuma bayin nan ba daga sama suke faɗowa ba, daga ƙauyukan Mada da Eggon da Gwandara da sauran maƙwabta ake kamo su. Magaji yana cikin manyan masu kai waɗannan hare-hare. Ita ma Abuja ta Haɓe ba a bar ta a baya ba. Laƙabin Sarki Ibrahim Iyalai shi ne Dodon Gwari, kuma ba don yana raba musu goro aka sa masa ba. Gbagyi ɗin nan su ne masu ƙasar da aka gina Garki da Wuse da Maitama a kanta, su ne aka tasa daga ƙauyukansu aka kai Kubwa da sauran wurare, su ne matansu ke kawo mana itace da doya a kafaɗa. Idan muka zauna a majalisa muna yabon Magaji da babbar murya, mu sani akwai wanda ke saurare a gefe da wani labarin daban da kakarsa ta ba shi.

Dattijon gidan gaba shi ma bai yi ƙarya ba. Mutum ya ƙi miƙa wuya ga baƙon da ya zo da bindiga mai ruwa, ya bar gida da dukiya, ya mutu a fagen fama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan rage masa ba. Su kuma Turawan da suka ce don hana bauta suka zo, dokar da Lugga ya yi a 1901 ba ta 'yanta bayin da ke hannu kai tsaye ba, 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ta ce 'ya'ya ne, sauran kuwa aka bar su su fanshi kansu, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Kuma kada mu manta, sojojin da suka harba igwa a ganuwar Kano akasarinsu Hausawa ne da Yarbawa, magadan Hausawan Glover, wasunsu tsofaffin bayi da ba su da dalilin yi wa sarakuna kara. Duk wanda ya ce kakanninmu gefe ɗaya suka tsaya a 1903 bai ƙirga su duka ba.

Haka abin yake ga masu wannan suna a ƙasarsu. Akwai wata mata Helena Molony, 'yar Dublin, an haife ta a 1883. A 1911, lokacin da Sarki George na Biyar ya kai ziyara Ailan, ta jefi hotonsa da dutse a tagar wani kanti, aka kai ta kurkuku. A boren Ista na 1916 tana cikin waɗanda suka ɗauki makami suka tunkari fadar gwamnatin Ingila a Dublin, aka sake ɗaure ta, wannan karon a Ingila. Ta rayu ta ga kudancin Ailan ya sami mulkin kansa a 1922, ta shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, ta rasu a 1967. Wato sarautar da Kyaftin Moloney ya mutu yana yi wa hidima a Keffi, ita wannan baiwar Allah ta yi wa tawaye shekara 14 bayan haka, da suna iri ɗaya. Akwai kuma Paddy Moloney, makaɗi, wanda ya kafa ƙungiyar The Chieftains a 1962 ya rasu a 2021. Abin busarsa kamar algaita ne, sai dai ba da baki ake hura shi ba, da salka ce da ake matsawa a hammata. Shi nasa yaƙin na raya kiɗan gargajiyar da aka kusa binnewa ne. Na saurari kaɗan a intanet, akwai wani abu a ciki da ya tuna mini da sarewar Fulani da yamma.

Ailan ta buɗe ofishin jakadancinta a Legas a 1960, shi ne na farko da ta buɗe a Afirka, daga baya ya biyo gwamnati zuwa Abuja kamar yadda hedkwatar 'yan sanda ta baro Titin Moloney ta dawo nan. A Keffi kuwa sunan Yamusa yana nan a fada: Sarki Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu ya yi mulki daga 1978 har 2015, ɗansa Shehu Chindo Yamusa na Uku ya gaje shi. Sunan Baturen yana kan dutse, an ma sauya masa harafi ɗaya. Audu Timtim ne kawai babu titi, babu dutse.

Mutumin Akwanga a Mararaba ya sauka. Da zai fita ya leƙa gidan gaba ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri in na faɗi ba daidai ba." Dattijon ya ce, "Haba, ba komai, Allah ya kiyaye hanya." Muka shiga cunkoson Nyanya, sai bayan isha'i na isa gida.